Jirgin ruwa na wasa da ɓawon lemu da ragowar kayan kicin: tambayoyi da amsoshi

Tun da na fara haɗa wa yara ƙananan jiragen ruwa da ɓawon lemu da na kankana, tambayoyin da iyaye da malaman ƙananan aji suke min kusan iri ɗaya ne, yau wannan ya tambaya gobe wancan ya maimaita, shi ne na ce bari in tattara su wuri guda kowa ya huta. Na sa musu lamba don in na ce "duba ta 6" ku san inda za ku nufa.

1. Wai abinci za mu ɓata don a yi wasa?

A'a, ni kaina ban yarda da haka ba. Abin da ake amfani da shi shi ne wanda dama kwandon shara za shi, ɓawon lemu bayan an matse ruwan, ɓawon kankana bayan an cinye jan, ɓawon ƙwai, totuwar masara, ɓawon gyaɗa, kan tattasai da aka yanke aka ajiye gefe. A fara ci tukuna sannan a yi jirgi, kuma gaskiya wannan tsarin ma yana sa yaron da baya son kayan marmari ya zauna ya cinye rabonsa tas saboda yana jiran ɓawon.

2. Wane ɓawo ne ya fi yin jirgi mai kyau?

In karon farko ne ku fara da lemun zaƙi. A raba shi biyu, a matse, a ƙwaƙule sauran da cokali, ya zama kaman ɗan ƙoƙo, shikenan kun samu jirgi tun kafin ku ƙara komai. Ɓawonsa akwai maiƙo ta waje wanda ke hana ruwa ratsa shi da wuri, ga kauri daidai yanda tsinke zai kama. Kankana ita ce babbar mota, tana ɗaukar kaya sosai amma sai an kankare ta da kyau don in aka bar nama da yawa nauyi ke mata yawa ta zauna can ƙasa-ƙasa a ruwa. Ƙoƙon kwakwa ya fi su duka ƙarko, matsalarsa kawai gindinsa a dunƙule yake don haka yana son tangal-tangal (duba ta 6), kuma a zaɓi rabin da ba shi da idanun nan uku don ta nan ruwa ke shiga.

Tattasai in aka tsaga shi ta tsawo yana fitowa da siffar kwale-kwale sak, kokwamba ma haka in aka ƙwaƙule ƴaƴan. Ɓawon ƙwai ba shi da nauyi, yana tsayawa kan ruwa gwanin sha'awa amma hannun ƙaramin yaro na murƙushe shi nan take. Ɓawon gyaɗa kuma jirgin tururuwa ne, ba ya ɗaukar komai amma in aka zuba guda goma a daro aka hura, yara na ihu kaman me.

Wanda ban ba da shawara ba shi ne ɓawon ayaba, yana yin laɓo-laɓo ba ya riƙe siffa, sai kuma burodi da ya kwana, wannan yana shan ruwa ya dagargaje ya ɓata muku ruwan gaba ɗaya.

3. Me da me zan tanada kafin in kira yaran?

Ba wani abin saye. Daro ko faffaɗan roba, cokali, almakashi, tsinken sakace ko ƴan siraran itatuwa, takarda ko ganye ko busasshen ɓawon masara don filafili (wato abin da ake kafa wa jirgi ya kama iska), zare, ƴan tsakuwa, da tsumma na goge ƙasa don ruwa dai sai ya zube. Wuƙa tana hannun babba, kuma ya fi kyau a gama duk yanke-yanke kafin yara su iso, a ɗauke ta daga wurin.

4. To yaya ake haɗa shi daga farko har ƙarshe?

Bari mu ɗauki lemu. Bayan an ƙwaƙule, a goge cikin da tsumma, sannan kafin a sa masa komai a ɗora shi kan ruwa haka nan a ga yanda ya zauna. Wannan matakin mutane da yawa suna tsallake shi, sai sun gama ƙawata jirgi sannan su gane dama ɓawon ya huje. In ya zauna daidai, a yanko ɗan guntun karas ko wani guntun ɓawo mai kauri kaman kan ɗan yatsa a sa a tsakiyar ciki, a cikin wannan guntun ake soka tsinken, ba a jikin jirgin ba. Na maimaita, ba a jikin jirgin ba, don da zarar tsinke ya ɓula gindin to an gama (duba ta 7).

Filafilin kuma a yanka takarda ƙarama mai kusurwa uku ko huɗu, a huda sama da ƙasa a zira tsinken yanda takardar za ta ɗan lanƙwasa kaman ciki, wannan lanƙwasar ce ke kama iska. Yaro ya yi zanensa a kai kafin a zira. Sai a sake ɗorawa kan ruwa a hankali, ba jefawa ba.

5. Yarona ya tambaye ni me ya sa lemu da ɓawonsa yake tasowa amma in an ɓare sai ya nutse, na rasa amsa

Tambaya ce mai kyau, kuma a gwada a gabansa don ya gani da idonsa. Farin nan mai taushi da ke cikin ɓawon cike yake da ƙananan ramukan iska, shi ne kaman rigar ceto da lemun ya saka. In aka cire, nauyin lemun ya ragu amma girmansa ya fi raguwa, abin da ya saura ya fi ruwa mai girmansa nauyi sai ya yi ƙasa. Tuffa tana tasowa saboda kusan kashi ɗaya cikin huɗu na jikinta iska ce, dankalin turawa kuma nutsewa yake don a cushe yake ba wurin iska.

Dokar da ke ƙarƙashin wannan ana danganta ta da Arkimidis, masanin Girka da ya rayu a birnin Sirakus na tsibirin Sisili, ya mutu shekara ta 212 kafin haihuwar Annabi Isa. Abin da ya gano shi ne duk abin da aka sa a ruwa, ruwan na tura shi sama da ƙarfi daidai da nauyin ruwan da abin ya ture daga wurinsa. Shi ya sa dankalin da ya nutse ɗazu, in kuka raba shi kuka ƙwaƙule cikin sosai ya zama siririn ƙoƙo, zai iya zama kan ruwa, dankalin bai canza ba siffarsa ce ta canza, yanzu yana ture ruwa mai yawa da ɗan nauyi kaɗan. Jirgin ƙarfe mai ɗauke da dubban kwantena ma da wannan dabarar yake tafiya. Ba sai kun ce wa ɗan shekara biyar Arkimidis ba, ku ba shi kwanon da babu komai ya danna cikin ruwa da tafin hannunsa, zai ji ruwan na ture hannun, ya isa.

6. Namu yana ta kifewa, da mun sake shi sai ya juye

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace yawa, kuma sau tara cikin goma laifin filafili ne. Yara na son dogon sanda da ƙatuwar takarda, sai nauyi ya koma sama, ƙaramin jirgi irin wannan kuwa in samansa ya fi ƙasansa nauyi yana saurin kifewa. Ranar farko da muka yi na kankana ƴata ta dage sai an sa mata filafili mai tsawon hannunta, muka sa, ko numfashi bai yi a kan ruwan ba ya kwanta, takardar ta jiƙe zanen da ta ɓata lokaci a kai ya narke. Da muka rage sandan zuwa rabi muka sa tsakuwa uku a gindi sai ga shi ya tsaya cak.

Don haka abu uku za ku duba. Tsawon sandan kar ya wuce faɗin jirgin da yawa. A sa ɗan nauyi a can ƙasa a tsakiya, manyan jirage ma suna yin haka, suna da tankunan da ake cika wa da ruwa a ƙasansu don kar su yi ta layi in ba kaya. Na uku, in gindin a dunƙule yake kaman na kwakwa ko lemu, a haɗa biyu gefe da gefe da tsinke biyu ta can saman baki, wannan da wuya ya kife ko da an kaɗa ruwan. Irin wannan jirgi mai jiki biyu shi ake kira katamaran, sunan ya samo asali ne daga yaren Tamil na kudancin Indiya inda yake nufin itatuwan da aka ɗaure tare. Totuwar masara uku ko huɗu da aka jera aka ɗaure da zare ma tana ba da irin wannan, shimfiɗaɗɗen jirgi da ba ruwansa da kifewa.

7. Ruwa na shiga ciki, da me zan toshe?

Ku fara gano ta ina. A ɗaga jirgin a zuba masa ruwa a ciki a riƙe shi sama, inda ya ɗigo nan ne. In ƙaramar huda ce a busar da wurin sosai a ɗiga masa narkakken kyandir, babba ne zai yi wannan ba yaro ba. A jiƙaƙƙen ɓawo kyandir ba ya kamawa, gam da salatif ma haka, ɓata lokaci ne kawai. In tsagewa ya yi to a haƙura a ɗauko wani, ai ɓawo ne. Wani lokacin kuma ba huda ba ce, bakin jirgin ne gefe ɗaya ya fi gajarta sai ruwa ya riƙa lallaɓowa ta nan, a daidaita bakin da almakashi ko a rage kaya (duba ta 8).

8. Kaya nawa jirgin zai iya ɗauka, akwai yanda za a sani kafin ya nutse?

Akwai, kuma wannan wasan yara ƴan shekara bakwai zuwa sama suna sonsa sosai. Lita ɗaya ta ruwa nauyinta kilo ɗaya ne, wato mililita ɗaya giram ɗaya. Babban cokalin awo mililita 15 yake ci, ƙarami 5. To a cika jirgin da ruwa cokali-cokali ana ƙirgawa, in ya ci babban cokali shida kenan mililita 90, kayan da zai ɗauka kafin ruwa ya kai baki zai yi kusa da giram 90, ba daidai cif ba amma kusa. Wanda ke da ɗan sikelin kicin sai ya auna ya gani.

In ba sikeli, kowane yaro ya faɗi hasashensa, tsakuwa nawa, a rubuta, sannan a riƙa sawa ɗaya-ɗaya ana ƙirgawa da ƙarfi har ya tafi ƙasa. Za su lura da kansu cewa wanda ya tara kayan gefe ɗaya nashi ya riga nutsewa. Kuna iya ja wa jirgin layi da biro a jiki ku ce ruwa kar ya wuce nan. Jiragen gaske suna da irin wannan alamar a jikinsu, ana ce mata layin Plimsoll, sunan wani ɗan majalisar Ingila ne Samuel Plimsoll da ya yi ta faɗa a kan masu jirage da ke lafta musu kaya fiye da ƙima ma'aikata na hallaka a teku, har aka yi doka a 1876.

9. Ta yaya za mu sa shi ya yi tafiya da kansa?

Mafi sauƙi hurawa, da baki ko da bututun zuƙar lemo ko a yi masa fifita da murfin roba. A ja layin farawa da na ƙarewa, doka ɗaya ce, ba a taɓawa da hannu.

Sai dabarar sabulu, wannan sai da jirgi mara nauyi sosai, kaman falle ɗaya na ɓawon lemu da aka yanka shimfiɗe mai tsini a gaba da ɗan tsagi a baya, ko ɓawon gyaɗa. A ɗora shi kan ruwa mai tsafta da ya kwanta, a dangwalo sabulun wanke-wanke da bakin tsinke a taɓa ruwan daidai tsagin, sai ku ga ya zabura gaba fuu. Dalili shi ne saman ruwa yana da wani ɗan ja kaman fatar da aka miƙe, sabulu na raunana wannan jan ta baya, sai na gaba ya fi ƙarfi ya ja jirgin. Masana na kiran abin da sunan Carlo Marangoni, ɗan Italiya da ya yi nazarinsa a 1865. Sau ɗaya ko biyu kawai yake yi, da sabulun ya bazu sai an canza ruwa an ɗauraye daron, yawancin masu cewa "namu ya ƙi" ruwan ne dama akwai sabulu.

Masu son sa balan-balan a baya kuma, ku yi da kankana ko totuwa, kar ku yi da lemu. Man da ke cikin ɓawon lemu yana cin robar balan-balan, ɗigo kaɗan ya isa ya fasa shi, mu haka ya fashe mana a fuskar ƙaramin ɗana da hannunsa duk man ɓawo, ranar da ƙyar ya yarda ya sake matsowa kusa da daron.

10. Daga shekara nawa yaro zai iya, kuma akwai haɗari?

Ɗan shekara biyu zai iya ɗora ɓawo a ruwa ya ji daɗi, ɗan huɗu zai ƙwaƙule da cokali ya yi zane, daga shida zuwa sama su haɗa da kansu. Amma maganar haɗari ina so a ɗauke ta da gaske. Ƙaramin yaro yana iya nutsewa a ruwan da bai wuce santimita 5 ba, kuma ba ya ihu ba ya fantsama, shiru abin yake faruwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ƴan ƙasa da shekara biyar cikin waɗanda nutsewa ta fi kashewa. Dogon bokiti ya fi faffaɗan daro haɗari saboda kan ƙaramin yaro ya fi jikinsa rinjaye, in ya leƙa ya faɗa ba ya iya fitowa. Babba ya zauna inda hannunsa zai kai, ba waya, ba "bari in duba tukunya in dawo", ba kuma barin yayarsa ƴar shekara bakwai ta kula da shi. In dole za ki tashi, ki ɗauke shi ku tafi tare. Ana gamawa a zubar da ruwan a kife daron.

Ƴan ƙasa da shekara uku kuma ba tsinke, ba tsakuwa, ba ɓawon gyaɗa, ba fasasshen balan-balan, duk abin shaƙewa ne. Nasu jirgin ba sai da filafili ba.

11. Ɓawon ba zai cutar da fata ko ciki ba?

Ɓawon ɗanyen ƙwai na iya ɗaukar ƙwayar cutar salmonela mai sa gudawa da zazzaɓi, a wanke shi da sabulu ko a tafasa shi ƴan mintuna kafin a ba yara. In akwai yaron da jikinsa baya karɓar gyaɗa ko ƙwai, a cire su daga wasan gaba ɗaya, musamman a aji ku tambayi iyaye tukuna. Man ɓawon lemu na da zafi a ido. Lemun tsami kuma ruwansa in ya zauna a fata aka shiga rana mai ƙarfi yana iya ƙona fatar har ta yi baƙin tabo, don haka a wanke hannu kafin a fita da daron waje. Tattasai a ɗanɗana shi tukuna, in da yaji a bar shi. Ruwan wasan ba na sha ba ne, sai an yi ta faɗa.

12. In na bar shi ya yi da kansa baya yin kyau, in ya nutse kuma kuka. In haɗa masa kawai?

Don Allah kar ki haɗa masa. Na sha ganin yanda iyaye ke karɓe aikin, uba ya duƙufa yana gyara filafili yaro na tsaye yana kallo hannu a baya, jirgi ya yi kyau amma ba nashi ba ne kuma ya sani. Karkataccen jirgin da ya yi da hannunsa ya fi masa naki mai kyau sau goma. Abin da ke rage kukan shi ne a tanadi ɓawo da yawa tun farko, uku ko huɗu kowane yaro, a kuma faɗa musu kafin a fara cewa na farko yawanci nutsewa yake, na gwaji ne. Takardar da ya yi wa zane mai kyau a ajiye ta sai jirgin ya ci gwajin farar takarda.

In ya kife, maimakon ki ce "ai na faɗa maka", ki tambaye shi ta wane gefe ya faɗi, me yake gani ya ja shi. Ki yi shiru ki jira ko da ya daɗe. Amsar tana ta 6 kin riga kin sani, amma in shi ya ce "sandan ne ya yi tsawo" da bakinsa, wannan ba zai manta ba, kuma za ki ga yanda fuskarsa ke yi lokacin da na biyun ya tsaya.

13. Gaskiya ne a ruwan gishiri jirgi ya fi tasowa?

Gaskiya ne. Gishiri na ƙara wa ruwa nauyi ba tare da ya ƙara masa girma sosai ba, don haka yana tura abu sama da ƙarfi fiye da ruwan famfo. Ruwan teku akwai gishiri kusan giram 35 a kowace lita, bambancin kaɗan ne ba za ku gani a ɓawon lemu ba sai kun zuba da yawa. Gwajin da ya fi fitowa fili shi ne na ɗanyen ƙwai sabo, a kofin ruwa zai nutse, a yi ta ƙara gishiri ana juyawa sai ya taso. Sannan a maimaita ƙirgar tsakuwa ta 8 a ruwan mai gishiri sosai a kwatanta.

14. Kwana nawa yake yi, za a iya ajiye shi?

Ɗanyen ɓawo wasan yini ɗaya ne, kankana da kokwamba washegari sun fara yauƙi da tara ƙuda, lemu ya ɗan fi jimawa kafin fumfuna ta kama shi. Wanda ya yi fumfuna a zubar, kar a ce za a wanke. In yaro ya nace, ɓawon lemu ana iya busar da shi, a kifa shi kan ƙaramin kofi don kar ya motse a bar shi a rana ko wuri mai iska har ya yi tauri kaman katako, a shafa masa kyandir ta waje. Kwakwa da busasshiyar totuwa su kam suna wata da watanni in ana shanya su bayan kowane wasa.

15. Za mu iya kai shi rafi ko tafki mu sake shi?

In za a yi, ya zama komai na jikinsa mai ruɓewa ne, ɓawo, itace, ganye. Ba salatif, ba bututun roba, ba balan-balan, don waɗannan kifi da tsuntsaye na haɗiye su. Ni na fi son a ɗaura masa dogon zare a jawo shi a dawo da shi gida, yaro kuma ya tsaya nesa da baki, babba ne zai saka ya kuma ciro, duk abin da na faɗa a ta 10 a nan ya ninka. A gida kuma a zare tsinkayen kafin a zuba ɓawon cikin taki ko a ba dabbobi, ruwan in ba gishiri ba sabulu a ba shuka. Kar a bar shi ya kwana yana jiran gobe, sauro a irin wannan ruwan yake ƙwai kuma cikin kwana bakwai zuwa goma ya zama babba.

16. Yarana sun ce wai akwai jirgin kabewa da mutum ke shiga, da gaske ne?

Da gaske ne. A garin Windsor na yankin Nova Scotia a Kanada an fara gasar tseren manyan kabewa a 1999 aka yi shekaru ana yinta, ana noma irin ƙattin nan masu nauyin ɗaruruwan kilo, a yanke saman a ƙwaƙule cikin mutum ya shiga ya zauna yana tuƙawa da filafilin hannu, a jihar Oregon ta Amurka ma ana yin irinta. Su ma matsalarsu irin taku ce, gindin a dunƙule yake, yana son juyawa wuri ɗaya maimakon ya tafi gaba, wasu kuma su kife a tsakiyar ruwa shi ya sa kowa da rigar ceto. In kun samu ƙaramar kabewa a kicin ku yanke ta ƙasa da rabi kaɗan don bakin ya yi faɗi, ku kankare naman a dafa, ɓawon ya rage kaurin ɗan yatsa, sannan ku gwada ta a ruwa haka nan kafin a sa mata komai kaman yanda na ce a ta 4.